Kundin da Ban Ƙirga Ba

Firamare na gama na tsaya, sai karatun allo da na yi a gida da ɗan abin da na tsinta a zaure. Aikina a laburaren da nake a nan Dutse shi ne buɗe ƙofa, goge kantoci, da mayar da kowane littafi inda lambarsa ta ce. Ba a taɓa cewa wani abu ya ɓace a hannuna ba. Duk da haka, in na kulle na kai bakin titi, sai na dawo na sake jijjiga kwaɗon.

Shekarar da aka kawo mana sabuwar shugaba, wadda muke kira Hajiya, ita ce shekarar da laburaren ya shiga intanet. Ta buɗe wani shafi inda za a riƙa sa hotunan tsofaffin littattafan ajami, duk wanda ya yi rajista kuma yana iya rubuta karatun shafin da boko a ƙarƙashin hoton, ko ya gyara abin da wani ya rubuta. Ta ce ta haka masu ilimi na nesa za su taya mu aikin da mu kaɗai ba za mu iya ba.

Abin bai kwanta mini ba. Mai karatu in ya shigo zauren laburare ina ganin fuskarsa, ina karɓar jakarsa a bakin ƙofa, na san kantar da ya nufa. Amma mutanen shafin nan, wani hoton fure ne a madadin fuskarsa, wani hoton mota. Na tambayi Hajiya, in wani ya goge gaskiya ya rubuta ƙarya fa? Ta ce shafin yana ajiye kowane gyara da wanda ya yi shi. Na ce to.

Da ta ji ni mutumin wajen Miga ne, sai ta ce in nemo mata aron littafi a can. Akwai wani dattijon malami a ƙauyenmu, tare suka yi karatu da mahaifina, shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Kafin in tafi Hajiya ta ja mini kunne cewa in ƙirga takardun a gabansa, in rubuta adadin, ya sa hannu.

Malam ya saurare ni har na gama. Ya shiga cikin gida ya daɗe, sannan ya fito da kundin waƙoƙin wa'azi da kakansa ya kwafa da hannunsa. Ba ɗinkakke ba ne. Irin na dā ne, warƙa-warƙa, wato kowace takarda daban, an haɗa su tsakanin fata biyu an ɗaure da igiya. Ya ɗora mini a tafin hannu ya ce Juma'a uku ya ba ni.

“Ban san laburare ba,” in ji shi. “Kai na sani, kai na ba.”

Takardar sa hannun tana aljihuna, na kasa fito da ita. Yaya zan kwance abin da dattijo ya ɗaure, in zauna a gabansa ina lasar yatsa ina ƙirga, kamar na karɓi kaya a hannun baƙo? Na ce a raina in na isa Dutse na ƙirga, ai duk ɗaya ne.

Ran Litinin da safe babu wuta. Na shimfiɗa ƙyalle a kan babban tebur na kwance kundin, na fara ɗaukar hoto da wayar ofis, wanda na ɗauka in kife shi a dama. Nufina lambar hoton ƙarshe ita ce adadin warƙoƙin. Ban kai rabi ba aka kawo wuta. Ashe an bar makunnin fankar sama a kunne tun ran Juma'a. Kafin in kai ga bango, takardun kakan Malam sun tashi sama, wasu sun bi ƙarƙashin kantoci, ɗaya ta maƙale a wayar taga.

Na rufe ƙofa na durƙusa ina tsinta. Marubutan dā ba sa sa lamba a shafi. Abin da suke yi, a ƙasan kowace warƙa sukan rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita. Da wannan na jera mafi yawansu. Amma guda biyar ko shida gefensu ya cinye, babu kalmar, sai na sa su inda na ga sun fi kama. Na ƙirga, tamanin da shida. Ko tamanin da shida na karɓo, Allah kaɗai ya sani. Na gama hotunan na miƙa, ban gaya wa kowa ba. Sai bayan sati guda aka sa su a shafin.

Kwana huɗu da sa su a shafin, wani ya fara rubutu a ƙarƙashinsu. Hotonsa bishiyar kuka ce, sunansa kuma haruffa biyu kawai. Da farko ya rubuta cewa warƙa ta talatin da ɗaya ba wurinta ba ne, ta koma bayan ta hamsin. Washegari ya nuna wata. Dukkansu cikin waɗanda na jera da ka ne. Ran Lahadi ina gida a unguwar Takur na duba wayata, na tarar ya rubuta a ƙarƙashin ta sittin da huɗu: “Akwai warƙa ɗaya da babu a nan.”

Na fara lissafin wanda ya gan ni. Akwai wani mai ritaya da ke zuwa karanta jarida kullum, kujerarsa tana kallon tagar ɗakin da na ɗauki hotunan. Kwana biyu ina lura da yadda yake riƙe waya. Na zargi mai kula da kwamfutocinmu, don ya taɓa cewa aikin hoto ba na masu goge kanta ba ne. Na tuna kuma da masu yawo ƙauyuka suna neman tsofaffin littattafai su saya, na ce watakila ɗayansu ne yake so a ɓata tsakanin Malam da laburare don kundin ya faɗo hannunsa. Don neman warƙar, na janye kantoci uku ni kaɗai, na leƙa bayan kabad, na zazzage kwandon shara. Na zare littattafan layin ƙasa ɗaya bayan ɗaya na kakkaɓe. Ban ga komai ba sai tsohon katin aro da gawar ƙadangare.

A guruf ɗin waya na masu karatunmu kuwa magana ta fara yawo. Wani ya ce shi ya sa ba ya ba gwamnati aron ko allura. Wani ya sa hoton dariya. Ba wanda ya ambace ni, amma kowane saƙo ya shigo sai in ji da ni ake.

Ran Laraba na shiga ofishin Hajiya na faɗa mata komai, har takardar da ba a sa wa hannu ba. Ta ce rashin ƙirgar ya fi fankar ɓata mata rai. Ta juyo mini kwamfuta ta nuna mini duk abin da mai hoton kukar ya taɓa rubutawa. Tun watan da aka buɗe shafin yake gyara karatun wasu littattafai, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ta ce wannan ai shi ne amfanin abin, a samu wanda ya fi mu sani. Ni dai abin da na gani shi ne mutumin ya daɗe yana kallonmu mu ba ma ganinsa. Ta so ta tambaye shi a fili me ke cikin warƙar da ya ce babu. Na roƙe ta ta dakata har in ga Malam, don kada ya ji a bakin wani.

Ban jira Juma'a ta uku ba. Na tarar da shi a zaure bayan la'asar, ya sallami masu ɗaukar karatu. Na ajiye kundin a gabansa, na ce Allah ya gafarta Malam na zo da laifi, na kwashe labarin duka ban rage ba. Ya kwance igiyar ya shiga bin warƙoƙin da yatsa, bakinsa yana motsi. Ya zare ɗaya ya mayar da ita baya, ya zare wata. Duk inda mai hoton kukar ya nuna, nan hannun Malam ya tsaya. Da ya zo ta sittin da huɗu sai ya wuce abinsa.

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, nan ne aka ce babu ɗaya.”

“Tana ɗaka. Ni na cire ta ranar da ka zo.”

Ya ce a bayan warƙar kakansa ya rubuta sunayen matan gidan da ranakun haihuwarsu, da wata addu'a da ba a ba wa kowa sai ɗan gida. Wannan ba abin da za a ɗauka hoto a baza ba ne. Ya ɗauka in na ƙirga a gabansa zai gaya mini, da ya ga ban ƙirga ba sai ya bar maganar.

Ban gama sauke numfashi ba ya ce in nuna masa mutumin. Na miƙa masa wayar, ya nisanta ta da idonsa ya daɗe yana kallon bishiyar kukar. Ya ce wanda ya san jerin kundin nan haka, a zauren nan ya haddace shi, kuma waɗanda suka haddace shi ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, rabinsu sun rasu. Na tambaye shi ko ya gane ko wane ne. Ya ce yana da zato, amma ba ya faɗin zato. Ya yarda in rubuta a shafin cewa warƙar tana wurin mai littafin, kada in ƙara ko kalma ɗaya, kuma in mutumin ya nemi a nuna masa ita in ce ban sani ba.

Da na tashi tafiya na yi ƙarfin hali na isar da saƙon Hajiya, cewa tana roƙon aron kundi na biyu. Malam yana ɗaure igiya bai ɗago ba.

“Iska ba laifinka ba ce,” ya ce. “Amma kwana goma sha shida kana riƙe da maganar, kuma kana da kuɗin mota. Na biyun ni zan kawo shi Dutse da kaina, in zauna a yi a gabana.”

Haka aka yi. Ya zo bayan sati biyu, na ba shi kujera kusa da teburin. Shi yake miƙo mini warƙa, in ɗauki hotonta, in mayar masa a hannu kafin ya ba ni ta gaba.