Sitiyarin Motar Saje

A shekarar da soja suka canza launin takardun kuɗi, mutane suna wuni a layin banki, ina da 'yar rumfa a Nasarawa cikin Birnin Kebbi. Sana'ata liƙin kwano ce da dalma: mazurari, fitilar aci-balbal, gyaran bokiti. Idan aiki ya yi sauƙi bayan la'asar, sai in tattara ragowar gwangwanaye in ƙera ƙananan motocin soja. Ba na sayarwa. Jere su nake yi a kan katako, tankar yaƙi, motar igwa, jif, kowace bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. Ban taɓa saka musu mutum-mutumi ba, don malaminmu ya hore mu da barin siffanta abu mai rai.

Akwai wani dattijo mutumin Argungu, manomin albasa, da ke kawo kaya kasuwa. Tsohon soja ne, ya yi tuƙi a yaƙin basasa, kowa Saje yake ce masa. Wata rana ya tsaya gyaran buta, ya ɗaga tankata ya juya ta.

"Malam, wagga in ta shiga laka ko ɗan akuya ya fi ta sauri."

Na ce, "Baba Saje, ai ba ta zuwa ko'ina."

Mako na zagayowa ya dawo da hoto a naɗe cikin hankici. Babbar motar ɗaukar soja ce, shi da wani abokinsa suna tsaye a gabanta. Ya ce abokin bai dawo daga yaƙi ba, kuma hoton ke nan guda ɗaya. Yana so in ƙera masa irinta. Na karɓa, na ce kafin a cire albasar baɗi in sha Allahu.

Na auna hoton da tsinke, na rubuta awon da ajami a bayan takardar siminti: tsawo kaza, taya shida, rufin tamfol. Hoton kuwa na soke shi a jikin azara don kada hannu ya taɓa shi. Damina ta zo da ƙarfi, ɗakin ya yi yoyo ta daidai wurin ban sani ba. Ranar da na ciro shi, fuskokin sun narke, motar ta zama dabbare-dabbare.

Shekara biyu ina ɓuya. Duk ranar da motar albasa ta iso daga Argungu sai in rufe rumfa in ce na tafi ta'aziyya. Ina karanta ayar amana a salla, sai hoton Saje ya faɗo mini a rai. Da na ji labarin ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai tsoro ya kama ni kada ya riga ni tafiya da hakkinsa a wuyana. Na ɗauko takardar simintin, na yi kwana goma sha ɗaya ina aiki. Na yanka tayoyi daga tsofaffin silifa, na yi rufi da ƙyallen kaki, na shafa koren fenti. Na sa ta a kwali na hau motar Argungu, kwalin a kan cinyata.

Na same shi a zaure kan tabarma, ƙafar a miƙe. Bayan gaisuwa ban buɗe kwalin ba sai da na faɗa masa abin da ya sami hoton. Na miƙa masa ragowarsa. Ya daɗe yana kallo. Aka kira azahar. Ya yi sallarsa a zaune, ni kuma na je masallaci na dawo.

Da na zauna ya ce, "To, mi ag ga kwalin?"

Na fito da motar. Ya kai ta kusa da ido, ya ƙirga tayoyi, ya leƙa ta tagar direba. Sai ya ɗago.

"Wa ya tuƙa wagga? Ba ni ba dai."

"Me ya faru, Baba?"

"Sitiyari ga hagu! Mu lokacin da munka yi tuƙi ba a canza hannun tuƙi ba tukuna. Dama nike zama, abokina yana hagu da bindiga. Ka aje ni mazaunin mamaci, Malam."

Gaskiyarsa. A hoton gilashin yana ƙyalli, ban ga ciki ba, ban rubuta ba, sai na bi abin da idona ya saba gani a titi. Na ce zan koma da ita Birnin Kebbi in gyara.

"Ka koma? In sake jiran shekara biyu? Aradu ba ka fita garin ga da ita."

Ya tura ni wurin wani mai liƙi a bakin kasuwa, na aro ƙarfen liƙi da ɗan dalma, da na dawo matar Saje ta miƙo gawayi a kasko. A nan zauren na ɓalle rufin gaban motar, na ciro sitiyarin, ɗan zoben waya ne kawai, na mayar da shi dama. Yana ta ba ni umarni kamar ina kurtu: matsar da kujera, ƙara madubi, giya ta koma tsakiya. Yana faɗa yana ba ni labarin abokin, yadda yake barci a mota bakinsa buɗe, yadda ba ya cin barkono. Sunansa ma ranar na fara ji, muka yi masa addu'a tare.

Da dalmar ta huce ya karɓa, ya ɗora babban yatsansa a tagar dama, ya daɗe a haka.

Na ce, "Baba Saje, hoton fa? Ka yafe mini?"

Ya ce, "Na yafe, duniya da lahira. Ba ni binka komi. Tashi ka maida wa mutane ƙarfensu, kar ka ɗauko wani hakkin."