Gwajin da Ya Mayar da Mai Keke Ɗakinta

Mai Keke muke ce mata, don ba wanda ya taɓa wuce tagarta bai ji ƙarar keken ɗinki ba. Ƙanwar mahaifina ce. Kayan makarantar yaran layinmu duk ɗinkinta ne, kuma kullum sai ta ƙara wa wando tsawo, wai yaro ba ya jiran tela kafin ya girma. Mijinta direban babbar mota ne, shiru-shiru. Takan ce motarsa ta fi shi hira.

Da jini ya fara zuba mata ba a lokacinsa ba, ta ja bakinta ta ci gaba da taka keke, har ranar da ƙafa ta ƙi. A asibiti aka ce kansar bakin mahaifa ce, aka yanki ɗan nama aka tura ƙarin gwaji.

Babban yayansu, wanda muke kira Baba Babba, ya taɓa ji a rediyo cewa wata ƙwayar cuta ke kawo wannan ciwo, kuma a shimfiɗar aure ake ɗaukarta. Nan take ya yanke hukunci: mutumin da ke kwana a hanya, wa ya san inda yake sauka? Ya kwashe ta zuwa gidansa, ya hana direba shiga. Direba bai fasa zuwa ba. Yakan ajiye sabulu da lemo a bakin ƙofa ya juya. Ita kuwa ko zafin mara bai ci ta kamar wannan rabuwa ba.

Ranar sakamako na raka Goggo da Baba Babba asibiti. Likitar, wata doguwar mace, ta yi bayani a hankali. Ta ce a kowace ƙwayar halittar jiki akwai wani sinadari, furotin, da ke taka mata birki kada ta yi ta hayayyafa. Galibi ƙwayar cutar ce ke shiga ta ɗaure shi. Amma a naman Goggo ba a ga alamarta ba. Birkin ne ya lalace da kansa. Irin wannan ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ya fi taurin kai wajen magani. Ta ƙara da cewa ko da an samu ƙwayar, ba hujjar tuhumar kowa ba ce, don takan yi shekaru a ɓoye.

Mu duk muka sunkuyar da kai. Goggo kaɗai ta gyara zama.

"Likita, maimaita na farkon da ƙarfi, cewa ba a ga ƙwayar cutar ba. Yayana kunnensa ya tsufa."

"Amma kin ji na biyun, batun taurin kai wajen magani?"

"Na ji, 'yar nan. Wannan tsakanina da Allah ne. Wancan nake so ya shiga."

Baba Babba bai iya ba da haƙuri ba, ba a halicce shi da wannan ba. Da yamma dai ya aika a kira direba, ya fito da jakar kayanta da hannunsa, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Ka tuƙa a hankali," ya ce, "hanyar akwai ramuka."

Direba ya ajiye tafiyar nesa. Shi ya yi jinyarta, shi ke wanke mata zanin gado ya shanya a bayan gida don kada kowa ya gani. Ta ga damina ɗaya a ɗakinta, kuma a nan ta cika, kanta bisa cinyarsa.