Tsutsar Elspeth Gourlay

Shekara talatin da ɗaya Elspeth Gourlay ta yi tana zana furen wardi a jikin kyanwoyin tangaran, a wata masana'anta a garin Kirkcaldy. Ba ta taɓa tambayar abin da ya haɗa kyanwa da fure ba. Masu kuɗi na saye, shi ke nan.

Dokar gidan ita ce mai zane ba ya sa sunansa, hatimin masana'anta kawai ake bugawa. Abin ya tsaya wa Elspeth a rai. Sai ta riƙa barin ganye ɗaya da huji a kowace kyanwa, kamar tsutsa ta ci, don wata rana a san hannunta.

Shugaban masu zane, Dalgleish, kullum sai ya yi mata faɗa.

"Elspeth, wa ya ce ki sa mana ciwo a ganye?"

"Maigida, je ka lambu ka nemo mini ganyen da ya tsira."

Masana'anta ta rufe, Dalgleish ya rasu, ita kuma ta tsufa. Tana da shekara saba'in da takwas aka baje kolin tsofaffin kayan a gidan tarihin garin. Ta sa hularta ta coci ta tafi. Ga kyanwarta cikin gilashi, ga takarda a ƙasa: "Ganye mai huji, alamar gwani Dalgleish."

Ta kira jami'in wurin. "Ɗan nan, aikina ne wannan."

"Iya, yau ke ce tsohuwa ta huɗu da ta faɗa mini haka."

"To leƙa cikin kunnen kyanwar na hagu. Tsutsar da ta ci ganyen tana nan, koriya. Ko Dalgleish bai san da ita ba."

Ya buɗe gilashin don ya rabu da ita, ya leƙa. Ga tsutsa kuwa. Ya duba kyanwa ta biyu da ta uku, duk tana nan. Ya yi ta godiya, ya rako ta bakin ƙofa.

Murna ta hana ta cin abinci ranar. Bayan wata guda ta dawo ganin sabuwar takarda: "An gano gwani Dalgleish har tsutsar yake ɓoyewa a cikin kunne."

Ta karanta sau biyu, ta gyara hula.

"Allah ya ji ƙansa," in ji ta. "Da ransa ko hujin bai taɓa so ba, balle tsutsar."