Inna Mai Guga da Shukar Surukarta

Autan Inna Mai Guga ne ya fara ba ni labarin shukar nan, shi wanda ke tuƙa motar haya, ran da ya ɗauko ni daga asibiti. Yana tuƙi yana dariya, wai uwarsa ta kusa ramewa saboda ganye. Sauran kuma daga bakinta na ji, muna zaune tana ninke kaya.

Ita dai Inna, duk wanda ya zauna a layin nan ya san ta. Tun da sauran ƙuruciyarta mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar ta da yara ƙanana, kuma da dutsen guga ta raine su. Da safe wanki, da hantsi shanya, bayan azahar ta tsaya a kan tebur har rana ta yi sanyi. Yatsunta duk tabon ƙuna ne, amma rigar mutum ba ta taɓa ƙonawa ba. Ko maɓalli ne ya cire a ruwa, sai ta tsamo shi ta ɗinke kafin ta mayar. Kayan mutane, in ji ta, amana ne, kuma za a tambaye ta a kansu.

Da gwiwoyi suka fara gazawa, sai Auta ya ɗauke ta ya kai ta gidan da yake haya a bene, aka ba ta ƙaramin ɗakin baya, kusa da banɗaki. An hana ta wankin mutane, amma ba wanda ya iya raba ta da dutsenta. Ita ke goge kayan gidan, har tsumman goge tebur ba ta bari.

Matar Auta nas ce, yarinya shiru-shiru, mai ladabi. Zamansu lafiya, amma irin lafiyar nan ta ina kwana, lafiya lau, kowa ya kama gabansa. To, a tagar falo nas ɗin tana da wata shuka a tukunya, mai ganye shunayya da ratsin fari kamar an ja masa zare, rassanta suna zubowa ƙasa. Sunanta na boko dogo ne, tiradeskanshiya ko me, harshen Inna bai taɓa kai ƙarshensa ba, sai ta sa mata Mai Rarrafe. Wata rana da baƙi a falo, Inna ta ce ita ba ta ga amfanin abin da ba a ci, ba a jiƙa wa mai zazzaɓi, ba kuma ya yi wa ko kaza inuwa ba. Aka yi dariya. Nas ta yi murmushi ta tashi ta shiga kicin. Sai bayan baƙi sun tafi Auta ya ja uwarsa gefe ya ce mata shukar nan ta mahaifiyar yarinyar ce, daga tagarta aka ɗauko ta bayan rasuwarta, kuma yarinyar ba ta ɗauki komai ba sai ita. Jikin Inna ya yi sanyi. Ta so ta ba da haƙuri, bakin ya yi mata nauyi, maganar ta kwana, ta sake kwana, har ta tsufa.

Ana nan sai aka tura nas ƙarin karatu wani gari, na 'yan watanni. Ran tafiya, jaka a hannu, ta tsaya a ƙofar ɗakin baya.

"Inna, 'yar shukar nan a hannunki na bar ta. Shi in na bar masa, ko rufin gidan ya tashi ba zai lura ba."

Inna ta ce Allah ya ba ta ikon riƙewa. A ranta kuwa ta ce ga hanyar ba da haƙuri ta samu, ba sai an buɗe baki ba: yarinyar nan za ta dawo ta tarar da shukar ta fi yadda ta bar ta.

Daga nan ta shiga hidima. Da ma a roba take alwala saboda gwiwa, sai ta ga ruwan da aka ambaci sunan Allah a kansa ya fi ƙarfin a zubar a rariya. Duk sallah, in ta idar da alwala, sai ta ɗauki robar ta juye wa Mai Rarrafe. Ba a daɗe ba bakin ganyen ya fara yin ja-ja yana bushewa, kamar dutsen guga ya ɗan taɓa shi. Ta ce ƙishi ne, ta ƙara har da alwalar nafila. Abin bai tsaya ba. Sai ta ce to zafi ne, ta jawo tukunyar ta ajiye daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita kanta ta tsana, ta sa Auta ya nuna mata inda ake kunnawa. Haka za ta wuni a falo, ta ƙudundune cikin mayafi biyu, gwiwa na zogi, tana jan carbi tana gadin shuka.

Ganye ya kama nannaɗewa yana zuba. Gindin rassan ya yi laushi, in ta taɓa sai ya cire a hannunta. Ƙasar kuma ta fara wari irin na kayan da aka manta a jiƙe cikin bokiti.

Abinci ya daina wuce wa Inna. Ba ganyen kaɗai ne ya dame ta ba. Ita ce ta zagi shukar a gaban mutane, ita aka bar wa, a hannunta kuma za ta mutu. Wa zai yarda ba da gangan ba ne? Ko yarinyar ba ta faɗa ba, za ta riƙe a ciki, kuma a gida ɗaya za su ƙare zama. In nas ta kira a waya ta tambaya, Inna ba ta iya ƙarya, sai ta ce tana nan, ta miƙa wa Auta wayar, ta koma gefe tana istigfari.

Auta ya ce abin mai sauƙi ne, akwai mai sayar da furanni kusa da gidan mai, a sayo irinta a dasa, wa zai gane.

"Ni?" in ji Inna. "Ina da ƙarfina ban musanya wa kowa ko ɗankwali ba, sai yanzu da ƙafa ɗaya ke kabari? Kai dai kai ni wurinsa."

Ta rungume tukunyar a cinya har can. Mai furanni, wani dattijo mai guntun gemu, ya tsoma yatsa a ƙasar, ya shinshina, ya tambaye ta yaushe-yaushe take ba ta ruwa. Da ta faɗa masa, sai ya kau da kai yana danne dariya.

"Inna, ai ke aka ɗora wa farilla, ita ba a ɗora mata ba."

Ya yi mata bayani a hankali. Saiwar ta nutse, ganyen kuma yana ƙishi, kuma ƙishin ganye ba daga tukunya ake kashe shi ba, daga iskar ɗaki ne. Na'urar nan tsotse danshin iska take yi, ta bar ɗaki a bushe ƙayau. Shukar iska mai ɗan laima take so, da ƙasa mai shan iska tsakanin ruwa da ruwa. Inna ta ce ashe dai kamar rigar guga ce, busasshiya ta ƙi kwanciya, jiƙaƙƙiya ta ɓata aiki, sai mai danshi. Ya ce ta gama ganewa. In ta koma gida, in ji shi, ta samu faranti, ta zuba tsakuwa, ta sa ruwa kaɗan, ta ɗora tukunyar a kai ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Kada ta riƙa fesa wa ganyen, don ruwa kan kwanta a matsematsinsa ya ruɓar. Amma kafin duk wannan, sai an yanke ta. Rassan da suka rage da rai a datse su, a sa a ruwa su yi sabuwar saiwa, ruɓaɓɓun a zubar.

Nan ne Inna ta tirje. A ba ta amana da gashinta har baya, ta mayar da ita ƙwal? Ya miƙo almakashi zai yi mata, ta riƙe tukunyar gam. Ta ce in dai yanka ne, da hannunta za ta yi, in ya so laifin ya tsaya a kanta ita kaɗai.

A gida ta yi bisimilla ta datse su ɗaya bayan ɗaya, ƙasa da gaɓa kamar yadda mai furanni ya nuna mata. Ta jera su a kofunan shayi. Ta sake ƙasa, ta kwashe komai ta kai ɗakinta na baya, inda taga ke ba da haske ba rana, inda kuma kullum akwai tawul mai laima a igiya da tururin guga. Tagar ta bar ta a ɗan buɗe don iska ta riƙa zagayawa. Wuyar ita ce riƙe hannu. In ta idar da alwala sai ta ga ƙafarta ta nufi tukunyar da roba, Auta ya ce, "Inna, an ce ba farilla." Ta harare shi, ta juya banɗaki. Ta koyi tsoma yatsa tukuna, in ƙasa ta manne mata, ta haƙura.

Wata safiya ta ɗaga kofi ta ga fararen saiwoyi siri-siri kamar zaren ɗinki. Ta yi hamdala, ta mayar da su tukunya. Sai dai kafin su yi tsawon kirki, nas ta dawo, an sallame su daga karatun da wuri.

Tana shigowa, bayan gaisuwa, idonta ya kai tagar falo, wayam. Inna ta kama hannunta ta ja ta ɗakin baya, ta tsaya a gaban tukunyar mai 'yan guntayen rassa, ta faɗa mata duka, da ruwan alwala, da na'ura, da almakashi, ba ta rage ba. Ta haɗa har da maganar da ta yi a gaban baƙi, wadda ta daɗe tana ci mata rai. Ta ce in da fushi, a yi da ita.

Nas ta durƙusa tana shafa sabon ganye da ɗan yatsa. Sannan ta ɗago ta ce:

"Inna, haka Mama take mata. Da ta ga ta yi tsawo ta rame, sai ta aske ta, ta cika gida da kofuna, har mu rasa na shan shayi. Ni ce tun da ta rasu na kasa sa mata almakashi. Na san tana buƙata, hannuna ne ya ƙi."

Inna ta zauna a bakin gado. Ba abin da ke fita bakinta sai alhamdulillahi. Ran nan ta ci abinci har ta nemi ƙari, bayan azahar kuma ta yi barcin da sai da aka tashe ta la'asar.

Nas ta ce shukar ta zauna a nan, iskar ɗakin Inna ta karɓe ta. Yanzu haka tana kan farantinta na tsakuwa a bakin tagar baya, ta cika tukunya ta zubo, launinta ya dawo har ƙyalli yake. Wani reshe ya sauka ya wuce ƙafar teburin guga, wani kuma ya juya ya nufi igiyar tawul, saura kaɗan ya kama ta.