Maitama da Sanyin Turai

In ka ce Maitama a unguwar Danau Kota ta Malesiya, sai an tsaya tunani. Amma in ka ce Ɗan Tarayya, wato Tarayyar Turai, dariya za a fara kafin a nuna maka benensu. Ɗan Fagge ne, ubansa tela ne wanda ba ya kashe rediyo ko keken ɗinki na ƙara. A gindin keken nan Maitama ya haddace biranen Turai tun bai san hanyar Wudil ba. Da gwamnati ta turo shi Malesiya digiri na uku, sai ya zaɓi siyasa da tsaron Turai, nahiyar da ko ƙasarta bai taɓa takawa ba.

A shagon mamak, wato mai shayin can, kafin a kawo maka gurasar roti ya gama gaya maka wanda ke murɗe wa Turawa famfon gas, da wanda ke tsoma hannu a zaɓensu ta bayan fage, da yadda tsohuwa mai fansho a can ta fi farfesanmu cin nama. Son Turai kam ya kama bawan Allah har ƙashi.

Ana cikin kullen korona, wata jami'a a wata 'yar ƙasa ta gabashin Turai ta ba shi aikin bincike. Sharaɗin ɗaya ne: ya iso kafin a buɗe zango, ko a ba wani. Sai ga zaɓe a ƙasar, kuma jam'iyyar da ke cewa baƙi sun ishe su ita ce a gaba. Maitama ya mayar da falonsa ofishin kamfe. Matarsa Ɗelu har azumi ta yi wa wata jam'iyyar da ba ta iya faɗin sunanta ba, 'yarsu Khaulah tana zagaya kujeru tana rera taken da babu wanda ya san ma'anarsa. Ranar da masu ƙin baƙi suka sha ƙasa, Maitama ya fita baranda ya kurma ihu, har maƙwabcinsu Basine ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi.

Ofishin jakadanci ya ba shi ranar ganawa don biza. Layi ya yi tsawo saboda annoba, wanda ya rasa ranarsa sai ya koma baya.

Ya kira abokinsa Abdulwahidu da ke can don yi masa albishir. Sai ga mutum a bidiyon waya da hular sanyi da bargo, a cikin falonsa.

"Malam, gas ya yi tsada, hita sai dai kallo," in ji Abdulwahidu. "In za ka zo, ka zo da shirinka."

Da wani ne, da ya tsorata. Maitama kuwa tsalle ya yi. "Ɗelu, atisaye za mu fara!"

Ya sayo rigunan sanyi na gwanjo, har da wata 'yar ja ta Khaulah. Ya rufe tagogi, ya murɗe esi har ƙarshe, ya koma wanka da ruwan firji. Mai kawo abinci a babur, gumi na zuba masa, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ga mutum da safar hannu da mayafi a wuya. Ajiye ledar ya yi ya ja da baya.

"Abba, sejuk lah!" in ji Khaulah da yaren Malesiya, wai sanyi, haƙoranta na haɗuwa.

Ɗelu ta ja 'yarta kicin, inda murhu yake. "Abban Khaulah, ka ji tsoron Allah. A tsakiyar Malesiya mutum yana karkarwa?"

"Jiki sai da training, Ɗelu. Gobe za ki gode mini."

Safiyar ganawa ya tashi da atishawa, jiki rau da zazzaɓi. Ya haɗiyi farasitamol, ya manna goshinsa a esin tasi har suka isa. A bakin ƙofa mai gadi ya ɗora masa na'urar auna zafi, ta kawo ja. Ya sake, ta sake kawo ja.

"Tak boleh, boss," in ji mai gadi, wato ba shiga.

Maitama ya rantse mura ce ta esi, ya fara bayanin sanyin Turai da tsadar gas. Mai gadi ya saurara cikin ladabi, sannan ya nuna masa hanyar asibiti. Gwaji ya nuna ba korona, amma sabuwar ranar da aka ba shi tana bayan buɗe zango. Jami'a ta yi masa fatan alheri, ta ɗauki wani.

Ya zauna a falo shiru, abin da gidan bai taɓa gani ba. Ɗelu da ma can ba son tafiyar take ba, amma da ta ga mijinta haka sai tausayi ya kama ta, ta yi kukanta a kicin tana dafa masa shayin citta. Shi da kansa ya kashe esi, ya buɗe taga, zafin gari ya shigo.

Sai ga Khaulah ta fito da jar rigarta, ta ɓalla maɓallai har wuya.

"Abba, yau ba training? Yaushe za mu ga snow?"

Ya jawo ta, ya cire maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ninke rigar a cinyarsa. Ya daɗe yana shafa ta kafin ya miƙa wa Ɗelu.

"A ajiye," ya ce. "Kada a bayar."