Ajidan Ya Zo Bincike

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka toshe gadar da ke tsakaninmu da Benin, maigidana ya rasa abin yi. Aikinsa fitar wa ƴan kasuwa kaya a duwan, wato kwastan, ga shi manyan motoci sun yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Mazan wasu suka koma gona, na wasu suka koma dara a gindin mangwaro. Nawa ya koma jin gogen Turawa.

Tun yana saurayi a Kotonu ya kwaso wannan cuta wajen wani tsohon ubangidansa. Kiɗa ne irin na mutanen da, babu mawaƙi, babu kalangu, babu wanda ake yi wa kirari. Yana da wani abin ji mai rufe kunnuwa ruf, shi yake ce masa kaske, ko ƴaƴansa ba su isa su taɓa ba. Tsakanin kasken da wayarsa sai an sa wani ɗan akwati, wai shi ke mai da abin da ke cikin waya ya zama sauti na gaskiya. Yana da guda, ƙarami kamar kwalin ashana. Ana nan wani abokinsa ya aiko masa da na biyu ta kwalekwale, babba kamar gwangwanin kifi, mai ƴar jar fitila. Daga ranar zaurenmu ya zama kotu.

Sai ya zauna kan tabarma, ya sa ƙaramin, ya runtse ido yana kaɗa yatsa. Ya zare, ya sa babban, ya mai da kiɗan baya. Haka zai wuni.

"Hajiya," ya ce mini wata rana, "ƙaramin nan miyarsa ba mai. Babban kuwa, kamar a gabanki ake jan gogen."

Na ce, "Alhaji, miyar gidan nan ma ta kusa zama ba mai."

Bai ji ni ba, ya riga ya mai da kasken.

To a garinmu Gaya ba a ɓoye abu. Mutum da wayoyi a jiki, da jar fitila, yana gyaɗa kai shi kaɗai, a lokacin da kowa ke zargin kowa? Kafin kasuwa ta zagayo an ce Alhaji da ƴan ƙetare yake magana. Mai kawo mana kifi ta daina zuwa.

Ran nan bayan la'asar muka ji sallama. Wani ajidan ne, hafsan jandarma, mai tumbi da gashin baki, da ƙaramin ma'aikaci a bayansa. Na laɓe bayan ƙofa ina ta karanto duk addu'ar da na sani.

"Alhaji, da wa kake magana da wannan?"

"Ranka ya daɗe, waɗanda nake ji sun daɗe da mutuwa."

Na ce a raina shi ke nan, bakinsa ya kai shi. Amma ajidan ya cire hula, ya zauna, ya ce a sa masa kasken. Aka sa masa da ƙaramin akwati. Ya yi ta saurare, ya yi ta saurare, har ma'aikacin nasa ya gaji da tsayuwa ya tsuguna. Aka canja masa babban. Da ya cire sai ya ce, "Na farkon ya fi."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Ranka ya daɗe, da girmanka, amma ba ka da kunne!"

"Ni? Ni da na busa ƙaho a faretin bariki kafin ka san mene ne duwan? Babban naka ya cika kitse, ya danne masu busa."

Sai da kiran magariba ya raba su. Kashegari ya dawo, wai bincike bai ƙare ba. Bai ƙare ba kuwa har aka girbe shinkafa, kuma kullum binciken kan dace da saukar tukunyata. Unguwa ta juya magana: yanzu an ce Alhaji ɗan rahoton sojoji ne. Mai kifi ta dawo, har da gyara, tana gaishe ni da durƙuso. Ban ƙaryata kowa ba.

Da gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, suka ce in zo in raba. Aka ɗora mini kasken bisa ɗankwali. Gaskiya akwai daɗi, kamar iska na kaɗa gonar rake. Can da gogen ya yi ƙasa-ƙasa na ji wani ya yi tari a cikin kiɗan, daga taron masu kallo. Aka canja akwati, tarin ya sake fitowa, wannan karon har da majina.

"Wanne ya fi?" suka tambaya baki ɗaya.

Na ce, "Ni dai wannan bawan Allah a ba shi citta da zuma."

Babu wanda ya taɓa lura da tarin a cikinsu. Suka yi ta mai da wurin baya, kowa na fizgar kaske. Alhaji ya ce tarin namiji ne, ajidan ya rantse tsohuwa ce. Na bar su a kai na tafi kwashe tuwo.