Hanyar Inna a Kan Tarazo

Shekarar da kuɗin fetur suka fara yi wa Kano ruwa, yayana ya samu kwangilar kawo siminti. Abu na farko da ya yi shi ne ya shafe tsakar gidanmu na Fagge da tarazo, wato daɓen siminti da ƙananan duwatsu da ake gogewa har ya yi sheƙi. Lokacin ina koyarwa a firamare, ina aure a Rijiyar Lemo, kullum in an tashi sai na biya na gaida mahaifiyarmu, Inna. Ranar da aka gama goge shi har maƙwabta suka shigo kallo, don kana tsaye kana ganin fuskarka a ƙasa. Ashe kyan ɗan maciji ne.

Mu daɓen ƙasa muka sani tun kaka da kakanni. In ka gama alwala, sai ka watsar da ragowar ruwan buta nan inda kake, ƙasa ta shanye kafin ka miƙe. Tarazo kuwa ba ya shan ruwa. Wata la'asar Inna ta idar da alwala, ta watsa ruwanta yadda ta saba tun tana yarinya, ta taka, santsi ya kwashe ta. Allah ya taƙaita, mai ɗori ya duba ya ce buguwa ce a kwankwaso, babu karaya.

Ciwon ya warke, tsoron ne ya ƙi tafiya. Matar da a da take wuni a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsintar wake tana yi wa kowa faɗa, sai ta daina fitowa. Alwala a tasa cikin ɗaki, abinci a ɗaki, rana ma sai dai ta hange ta ta gefen labule. Ina kallo ƙafafunta suna kumbura, muryarta tana raguwa. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san in tsohuwa ta saba da zama, tashinta sai ikon Allah.

Na shimfiɗa tabarma, ita ma tabarmar ta riƙa zamewa. Na shimfiɗa tsofaffin buhunan gyaɗa, suka jiƙe suka yi wari, dole aka kwashe. Sai na je na sami yayana.

"Yaya, a dusashe tarazon nan, Inna ta samu ta fito."

"Ke, kin san daga ina aka kawo duwatsun nan? A daina zubar da ruwa, shi ke nan."

"Hannun da ya tsufa yana zubarwa, yau za ka hana shi?"

Ya yi kunnen uwar shegu da ni, wai zai sayo mata sanda daga Ikko.

Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da taurin kai, kuma a wurin Inna na gado shi. Ranar da Yaya ya hau jirgin Ikko, na ja mayafina na shiga Sabon Gari neman maginin da ya yi aikin. Wani Ibo ne haifaffen nan, Hausarsa tar. Na same shi yana wanke kayan aiki a ƙofar shagonsa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Malama, aikin da na goge da hannuna kike so in ɓata? Alhaji ya sani?"

"Zai sani in ya dawo, laifin a wuyana. Kai dai kana da uwa?"

Ya ce tana can garinsu. Ya shiga ya ɗauko guduma da wani ƙarfe mai tsini.

Wuni ya yi a durƙushe yana sassaƙar fuskar tarazon, har ya fitar da hanya mai kaushi daga ƙofar Inna zuwa wurin alwala, daga nan zuwa gindin darbejiya. Gaskiya ta yi muni. Da ya gama na cika buta na kwarara a kai, na cire takalmi na riƙa kai da kawowa ina buga ƙafa, Inna tana leƙe. Can ta miƙo ƙafa ɗaya, ta murza tafinta a wurin.

Ta ce, "Wannan kam tana riƙe mutum."

Ranar a waje ta yi alwalar magariba, kuma ta watsar da ragowar ruwanta kamar kullum.

Da Yaya ya dawo ina nan, don na ƙi in ɓuya. Yana fitowa daga zaure ya ga aika-aikar, ya fara faɗa tun bai ajiye jaka ba. Sai ga Inna ta fito daga ɗaki da kwanon ruwa a hannu, ba sanda, ba mai riƙe ta. Ta biyo hanyarta a hankali har gindin darbejiya, ta tsaya.

"Nan hanyata ta ƙare. Ƙaraso ka karɓa."

Ya taka tarazonsa ya zo, ya durƙusa ya sha. Ya jima yana duban ƙafafunta, sannan ya juyo gare ni fuska a murtuke.

"Gobe ki kai ni wurin mutumin nan. Ya za a yi ya bar hanya ba ta kai zaure ba?"